Filin Wasan Da Rafi Ya Karɓe A Duwatsun Kanada

Cikin watan Yuni na 2013 aka yi wani ruwa a Jihar Albata, yammacin ƙasar Kanada, wanda mutanen wurin ba su manta da shi ba har yau. Mutum 5 suka rasu, fiye da 100,000 suka bar gidajensu, hasarar dukiya kuwa aka ƙiyasta ta haura dala miliyan 5,000 na kuɗin Kanada. A cikin wannan ɓarna mai yawa akwai wata wadda ba a yi hasarar rai a cikinta ba, amma ta jawo gardama mai tsawo tsakanin Gwamnati da masu biyan haraji. Ita ce ɓarnar da ruwa ya yi wa filin wasan golf na Kananaskis, wanda ke cikin wani kwari a tsakanin duwatsun Roki.

Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan akawu ko malamin makaranta da filin wasan masu hali a wata ƙasa mai nisa? To, a yi haƙuri a bi labarin. Filin nan da kuɗin jama'a aka gina shi, da kuɗin jama'a kuma aka sake gina shi, kuma abin da ya rushe shi abu ne da ke rubuce a jikin ƙasar tun kafin a sari itace ɗaya a wurin.

Inda Filin Ya Ke

Kananaskis sunan kogi ne, kuma sunan kwarin da kogin ke bi. Yana yamma da birnin Kalgari, tafiyar kimanin mil 60. Wani Bature mai yawon binciken ƙasa, Kyaftin John Palliser, shi ya sa wa wurin wannan suna cikin 1858, amma tun kafin zuwansa mutanen asali na ƙasar, musamman kabilar Stoney Nakoda, sun san kwarin, suna farauta a ciki.

Jihar Albata ta sami arzikin man fetur tun daga 1947, lokacin da aka haƙo shi a wani wuri wai shi Leduc. Cikin 1976 Firimiyan Jihar, Mista Peter Lougheed, ya kafa wani asusu na musamman inda aka riƙa tara kashi 30 cikin 100 na kuɗin da man ke kawowa a wancan lokaci, domin amfanin na baya. Ba da daɗewa ba Gwamnatinsa ta keɓe wannan yanki na duwatsu, kimanin murabba'in mil 1,600, ta mai da shi wurin shaƙatawar jama'a, aka yi hanyoyi da masaukai da wuraren kafa tanti. Daga cikin kuɗin asusun nan ne aka gina filin golf, aka buɗe shi cikin 1983, bayan an kashe wajen dala miliyan 25. Wani shahararren mai tsara irin waɗannan filaye daga Amurka, Robert Trent Jones babba, shi ya zana shi.

Fili biyu ne a haɗe, kowanne da ramuka 18, watau 36 ke nan duka. Aka sa musu sunayen duwatsun da ke tsaye a kansu: Dutsen Kidd, mai tsawon fiye da ƙafa 9,700, da Dutsen Lorette, mai fiye da ƙafa 8,000. Shi kansa filin yana kusan ƙafa 5,000 bisa teku. Tun lokacin gininsa akwai masu gunaguni, musamman da aka ji cewa an ɗauko farin yashi daga wata jiha maƙwabciya don a zuba a ciki. Amma da aka buɗe, sai ya zama abin alfahari, gama nufin Gwamnati shi ne mutumin Albata wanda ba shi da halin shiga kulob na attajirai ya sami wurin wasa mai kyau a kan kuɗi daidai ƙarfinsa. Kwarin kuma ya yi suna a duniya: a nan kusa, a Dutsen Allan, aka yi wasu wasannin Olimfik na lokacin sanyi cikin 1988, a nan kuma shugabannin manyan ƙasashe suka yi taronsu cikin 2002 da kuma 2025.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Ciyawa

Domin a gane girman hasarar, ya kamata a san yadda a ke gina irin wannan fili. Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da a ke bugun ƙaramar ƙwallo da sanda daga wani wuri zuwa wani ɗan rami mai nisa, wanda ya jefa ta da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami yana da wurin bugun farko, da doguwar hanya ta ciyawa wadda ta kan kai yadi 400 ko fiye, da kuma wani dandali mai lallausar ciyawa inda ramin ya ke. A gefe a kan haƙa kwaruruka a cika da yashi don su zama tarko ga ƙwallo.

Wanda ya hango filin daga nesa sai ya ce makiyaya ce kawai da a ke yi wa aski. Ba haka ba ne. Dandalin nan gini ne hawa-hawa. Can ƙasa akwai bututun da ke janye ruwa, a kansu tsakuwa, a kan tsakuwa yashi da aka tace aka gauraya da taki, sa'an nan ciyawa ta musamman a bisa. Akwai kuma bututun ban ruwa da wayoyin lantarki da suka ratsa ko'ina a ƙarƙashin ƙasa, ga gadoji da hanyoyin ƙananan motoci. In laka ta kwanta a kan irin wannan ciyawa ta kwana biyu uku, sai ta shaƙe ta mutu, ta kuma toshe ƙofofin yashin da ruwa ke bi ya tsane. Saboda haka ko bayan ruwa ya janye, ba shara ce za ta gyara ba, sai an tone an sake gini daga tushe. Ga shi kuwa a wannan tsawo lokacin tsiro gajere ne, gama daga wajen Oktoba har zuwa Afrilu sanyi da dusar ƙanƙara ke mulkin wurin.

Yadda Ruwan Ya Sauko

Bisa ga al'ada, iskar da ke kawo ruwa a yankin nan daga yamma ta ke zuwa, daga babban tekun Fasifik. Kafin ta ƙetare duwatsun Roki ta riga ta zubar da yawancin ruwanta a wancan gefe, shi ya sa gefen Albata ya fi bushewa. Amma ran 19 ga Yuni 2013 al'amarin ya juya. Wani babban hadari ya taso daga kudu ɗauke da laima mai yawa, sai wata iska mai nauyi da ta tsaya a arewa ta tare masa hanya, ya kasa wucewa. Da ya tsaya yana juyawa a wuri ɗaya, sai ya riƙa tura iska mai laima daga gabas tana hawan duwatsu. Kowane ɗan makaranta da ya yi labarin ƙasa ya san in iska ta hau sama sai ta yi sanyi, in ta yi sanyi kuwa sai ta saki ruwan da ta ke ɗauke da shi. Haka aka yi ta sheƙa ruwa dare da rana.

A garin Canmore, wanda ke arewa da Kananaskis, an auna fiye da inci 8 cikin sa'a 36, watau kusan rabin abin da garin ke samu a shekara guda. A wasu wurare kan duwatsu ya haura inci 12. Abu biyu kuma suka ƙara tsananta lamarin. Na ɗaya, ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan da aka yi a makonnin baya, ba ta da sauran wurin sha. Na biyu, akwai sauran dusar ƙanƙara a ƙwanƙolin duwatsu wadda ba ta gama narkewa ba, ruwan sama ya sauka a kanta ya narkar da ita, biyu suka haɗu suka gangaro tare.

Kafin gari ya waye ran 20 ga wata, ƙananan rafuka waɗanda yaro ke tsallakewa sun zama koguna. A Canmore wani rafi mai suna Cougar ya cinye gaɓarsa har gindin gidaje, ya yanke babbar hanyar mota da ta ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma. Garin High River mai mutum wajen 13,000 aka kwashe shi kakaf. A Kalgari, inda kogin Bow da na Elbow su ke haɗuwa, aka fitar da mutum wajen 75,000 daga unguwanninsu, ruwa ya shiga tsakiyar birni. A kwarin Kananaskis kuwa hanya mai lamba 40, wadda ke shiga kwarin, ta yanke a wurare da dama, aka yi ta aikin fitar da baƙi da ma'aikatan da suka maƙale.

Abin Da Aka Tarar

Akwai wani rafi, Evan-Thomas, wanda ke gangarowa daga duwatsun gabas ya shiga kogin Kananaskis a daidai filin golf. Shi ya yi mafi yawan ɓarnar. Da ya cika, sai ya bar hanyarsa ya fasa ta cikin filin, shi kuma babban kogin ya tumbatsa ta nasa gefen.

Da ruwa ya janye aka shiga dubawa, sai aka tarar daga cikin ramuka 36, guda 32 sun lalace, 4 kaɗai suka tsira. Inda dā ciyawa ce kore shar, sai tarin tsakuwa da duwatsu da laka, da manyan itatuwa da ruwa ya tumɓuke ya jibge. Wasu wurare rafin ya haƙa sabuwar hanya ya fito da bututun da ke binne, wasu wurare kuwa ya binne dandali ɗungum, ba a ko gane inda ramin ya ke. Gadoji sun tafi. Babban ginin kulob, da ya ke a kan tudu aka yi shi, bai sami wata ɓarna mai yawa ba. A lura da wannan, gama ruwa ɗaya ne ya sauka a kan ginin da filin, bambancinsu kawai inda kowanne ya ke zaune. Aka rufe filin, ma'aikata suka watse, masu masaukai da kantuna na kwarin kuma suka rasa baƙin da wasan ke kawo musu kowace bazara.

Wa Ya Shimfiɗa Filin?

A nan ne gindin maganar ya ke. Duk wanda ke neman wurin gini a ƙasar duwatsu, shimfiɗaɗɗen wuri ya ke nema, irin wannan wuri kuwa kaɗan ne. Amma kafin ya yi murna da samunsa, ya kamata ya tambayi kansa: a tsakanin waɗannan duwatsu masu tsayi, me ya shimfiɗa wannan wuri haka?

Amsa ita ce ruwa. Rafin da ke gangarowa ta cikin matsattsen kwazazzabo yana da gudu da ƙarfi, yana ɗauke da yashi da tsakuwa, ran da ya cika ƙwarai har da manyan duwatsu. Da ya fito bakin kwazazzabon ya iske faɗin kwari, sai gudunsa ya ragu, ya kasa riƙe kayansa, ya zubar. Abin da ya zubar sai ya toshe masa hanya, dole ya kauce dama ko hagu ya sake wata. Shekara dubu bayan dubu yana wannan kai da kawowa, har ya tara wata shimfiɗa mai siffar mafici, ƙunci a sama wajen bakin kwazazzabo, faɗi a ƙasa. Wurin ya kan yi kyaun gani, ga gangare mai sauƙi, ga ƙasa mai tsane ruwa, ga itatuwa sun rufe. A kan irin wannan shimfiɗa, da kuma fadamar kogin Kananaskis, aka zauna da filin golf. Haka kuma unguwannin Canmore da rafin Cougar ya yi wa ɓarna, a kan irinta su ke.

Watau ke nan tsakuwar da ta binne ciyawa cikin 2013 'yar'uwar tsakuwar da ke ƙarƙashin ciyawar ce. Rafin bai yi wani sabon abu ba, aikinsa na dā ya ci gaba da yi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne irin wannan rafi ya kan yi shekaru masu yawa yana kwance lafiya cikin hanya ɗaya. Filin Kananaskis ya yi shekara 30 a buɗe kafin wannan rana ta zo. Shekara 30 kuwa tsawon aikin ma'aikaci ne tun daga ɗauka har fansho, amma a lissafin rafi ba ta kai kome ba.

Masana su kan ce ruwa kaza irin na sau ɗaya ne a shekara 100. Mutane da yawa su kan ɗauka ma'anarsa in ya zo bana an huta sai bayan shekara 100. Kuskure ne. Ma'anarsa ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ya zo, ko da ya zo bara. In aka yi lissafin shekara 30 a jere, yiwuwar ya zo aƙalla sau ɗaya a cikinsu ta kai kashi 26 cikin 100, watau fiye da ɗaya cikin huɗu. Malamin lissafi ya iya gwada wannan da manyan ɗalibansa.

Gardamar Kuɗi

Filin na Gwamnatin Jiha ne, amma wani kamfani, Kan-Alta, shi ke gudanar da shi bisa yarjejeniya. Cikin Yuli 2014 Gwamnati ta ba da sanarwa za ta kashe dala miliyan 18 ta sake gina shi. Nan fa magana ta tashi.

Masu goyon baya suka ce filin dukiyar jama'a ne wadda aka riga aka zuba wa kuɗi mai yawa, barinsa kango hasara ce a kan hasara. Suka ce yana ba mutane aiki, yana jawo baƙi, baƙin kuwa su ke raya masaukai da kantunan kwarin. Suka ƙara da cewa ko an bar shi, ba za a bar bututu da tarkace zube a bakin kogi ba, sai an kashe kuɗi an kwashe an mai da wurin daji. Masu suka kuwa suka ce yaya za a ɗauki kuɗin haraji a gyara wurin wasa alhali akwai mutanen High River da na wasu garuruwa waɗanda ba su gama komawa gidajensu ba? Suka kuma yi tambayar da ta fi kowace wuyar amsawa: in an sake ginawa a wuri ɗaya, me zai hana rafin ya komo?

Ana cikin haka farashin man fetur ya faɗi, daga fiye da dala 100 kowace ganga a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 50 a farkon 2015, baitulmalin Albata ya ji a jikinsa. Aka dakatar da aikin domin a sake bincika yarjejeniyar. Cikin Mayu 2015 aka yi zaɓe, jam'iyyar da ta riƙe Jihar shekara 44 ta faɗi, Rachel Notley ta zama Firimiya. Mutane da yawa suka zaci sabuwar Gwamnati za ta soke aikin. Amma da aka duba takardu, sai aka ga yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu ta ɗaure Gwamnati: in ta janye, diyyar da za ta biya da kuɗin gyaran kangon za su yi kusa da kuɗin ginin, kuma a ƙarshe ba fili ba kuɗi. Gaba kura ke nan, baya siyaki. Sai Gwamnati ta yarda a ci gaba, ko da ya ke ba da son ranta ba.

Sake Gini

Aka ba wani mai tsara filaye na Albata, Gary Browning, aikin maido da filin bisa zanen asali. Aka kwashe tsakuwa da laka, aka sake binne bututu, aka sake gina dandali ɗaya bayan ɗaya, aka shimfiɗa sabuwar ciyawa. Aka kuma jera manyan duwatsu a gaɓar ruwa domin su hana zaizaya, aka ɗaga wasu wuraren da su ke ƙasa-ƙasa. Cikin Mayu 2018 aka buɗe filin Lorette, cikin Agusta na wannan shekara kuma na Kidd ya cika. Ɓarnar da aka yi cikin kwana biyu, sai da aka shekara 5 kafin a gama gyaranta.

Aikin ya yi kyau, masu wasa sun komo. Amma duwatsun da aka jera a gaɓa rage haɗari su ke yi, ba su kawar da shi ba, domin an auna su ne da ruwa mai wani girma, ran da wanda ya fi shi ya zo sai ya haura. Kuma katangar da ke tsare rafi tana bukatar dubawa da gyara kowace shekara, wannan kuwa kuɗi ne da za a yi ta biya muddin filin yana wurin.

Abin Lura

Ga ma'aikacin ofis, akwai abu biyu a labarin nan. Na farko, ranar da a ke zaɓen wurin gini ita ce ranar da rigakafi ya fi araha. Tambayar da za a yi a wannan rana ba ta cin ko kwabo, amma in an bar ta sai bayan gini, amsarta miliyoyi ce. Na biyu, takardar yarjejeniya ta kan fi wanda ya sa mata hannu daɗewa a ofis. Gwamnatin da ta sa hannu a Albata ta tafi, wadda ta gaje ta ta zo da wani ra'ayi dabam, amma takardar ce ta yi hukunci. Saboda haka duk wanda aka ba takarda ya shirya ko ya duba, kada ya tsaya ga abin da za a biya in kome ya tafi daidai. Ya nemi layin da ya faɗi wanda zai ɗauki hasara in abu ya ɓaci, da abin da za a biya in an so janyewa.

Ga malamin makaranta kuwa, wannan darasi ne da ba ya bukatar littafi. A tara yashi da tsakuwa a bayan aji a yi ɗan tudu, a ja ƙaramar hanya daga ƙwanƙolinsa, a sa yaro ya riƙa tsiyaya ruwa da buta sannu-sannu. Ba da jimawa ba yara za su ga maficin nan ya fito a gindin tudun, su ga ruwa yana toshe hanyarsa yana sake wata. Sa'an nan a ba su ƙananan duwatsu a ce kowa ya aje gidansa inda ya ga dama, a juye sauran ruwan butar gaba ɗaya, a ga gidan wa zai tsira.

Bayan wannan sai a fita da su su karanta ƙasa da idonsu. Dutse mai santsi wanda ba shi da kaifi, ruwa ne ya mirgino shi, in an gan shi nesa da rafi to rafi ya taɓa zuwa nan. Tsohuwar hanyar ruwa da ciyawa ta rufe, da itatuwa masu tabo a gefen da ke duban tudu, da wurin da duk itatuwansa tsara ɗaya ne alhali na kewaye tsofaffi ne, duk shaidu ne. A tambayi tsofaffin gari kuma, gama sau da yawa wurin da mutanen dā suka ƙi ginawa akwai dalili, ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya koyi wannan yau, wata rana shi ne zai zauna a kujerar da a ke yanke shawarar inda za a kafa makaranta ko kasuwa ko asibiti, kuma in aka nuna masa shimfiɗaɗɗen wuri a gindin dutse, zai fara tambayar abin da ya shimfiɗa shi kafin ya sa hannu.